Me ya sa ƙarfe yake ƙara tauri in ana lanƙwasa shi, har ya ɓalle?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni sana'ata walda ce da lanƙwasa rodi a nan Kaduna, shekara 12 kenan ina yi. Abin da ke ɗaure min kai, in ka lanƙwasa waya ko rodi ka zo miƙar da shi sai daidai wajen lanƙwasar ya ƙi, ya fi sauran jikin tauri, in ka matsa masa kuma ya ɓalle. Maigidana da na koyi aiki a hannunsa yana cewa duka da lanƙwasa matse ƙarfe suke yi shi ya sa yake tauri. Sannan me ya sa jan ƙarfe in an gasa shi an tsoma a ruwa laushi yake yi, amma sifirin mota in an yi masa haka sai ya bushe kamar gilashi? Kuma babu laifi a miƙar da rodin da aka riga aka lanƙwasa a sa shi a gini?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayoyinka 3 ne amma uwarsu ɗaya, wato me ke faruwa can cikin jikin ƙarfe a lokacin da ya lanƙwasu ya ƙi komawa yadda yake. In ka gane wannan sauran biyun da kanka ma za ka amsa su.

Bari in fara da maganar maigidanka, Allah ya saka masa da alheri. Abin da idonsa ya gani gaskiya ne, ƙarfe yana tauri da duka, amma dalilin da ya bayar ba shi ba ne. Ƙarfe ba auduga ba ne da za a danne ta ta matsu. Ka auna guntun jan ƙarfe, ka dake shi a kan uwar maƙera har ya zama falle, nauyinsa da girman wurin da ya cika kusan ba su canza ba, fasali kawai ya sake, in ma an bi diddigi da ma'auni mai kyau ɗan sakwarkwacewa yake yi kaɗan ba matsuwa ba. To in ba matsuwa ba ce mene ne?

Sahu-sahu

Ƙarfe da kake gani sumul ɗin nan, ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira atam, ƙanƙantarsu ta kai a ce in ka jera atam ɗin baƙin ƙarfe kusan miliyan 4 sannan za su cika milimita 1. Kuma ba a watse suke ba, a jere suke sahu bayan sahu, bene kan bene, wannan jeruwar ita ake cewa kiristal. Sai dai rodi guda ba kiristal guda ba ne, tsaba-tsaba ne masu ɗimbin yawa manne da juna, kowace tsaba sahunta ya fuskanci nasa ɓangaren, tsakaninsu akwai iyaka. In kana son ka ga tsabar nan da idonka ba tare da na'ura ba, duba sabon bokitin ƙarfe ko kwanon rufi mai ruwan tutiya, zanen nan mai kama da fure-fure da ke walƙiya a jikinsa, kowane fure tsaba guda ce ta tutiya. A cikin rodi sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai an goge an zuba ruwan asid an duba da madubin ƙara girma.

In ka ja ƙarfe kaɗan, tazarar da ke tsakanin atam ce take ɗan buɗewa, kana saki ta koma. Rodi mai tsawon mita 1 bai wuce ya miƙe kamar milimita 2 ba a wannan matakin, shi ne ɗan dawowar nan da yake yi in ka sake shi daga kan ƙarfen lanƙwasa. Da ka wuce wannan iyakar sai wani abu daban ya fara, benayen atam su fara zamewa a kan juna, kuma wanda ya zame ba ya dawowa.

A nan ne masana suka sha ruɗani. A 1926 wani Barashe mai suna Yakov Frenkel ya yi lissafin ƙarfin da ake bukata kafin bene guda na atam ya zame gaba ɗayansa lokaci guda a kan na ƙasansa, sai lissafin ya fito da adadin da ya ninka abin da ake gani a gwaji sau ɗaruruwa har dubbai. Wato da lissafin ne ke aiki, da ko wayar ɗaurin rodi ba mai iya murɗa ta da hannu. Sai a 1934 mutum 3, Geoffrey Taylor a Ingila da Egon Orowan da Michael Polanyi 'yan asalin Hangare, kowa a nasa aikin daban, suka kawo amsa ɗaya: benen ba ya zamewa lokaci guda, kaɗan-kaɗan yake yi ta hanyar wani aibi da ke cikin jeruwar.

Ka tuna sallar Juma'a in an ce a cike sahu. Ba wai mutum 200 ne suke ɗaga ƙafa tare su matsa ba, na kusa da giɓin ne ke matsawa, sai na kusa da shi, sai na gaba, giɓin ya yi ta tafiya har ya fita ta ƙarshen sahu, a ƙarshe kowa ya matsa taku ɗaya amma ba a taɓa motsa fiye da mutum ɗaya a lokaci guda ba. A cikin kiristal ma akwai inda wani sahu yake zuwa ya tsaya a tsakiya bai kai ƙarshe ba, irin guntuwar kunyar da manomi ke cusawa in gona ta karkace. Bakin wannan guntun sahun shi Turawa ke cewa dislokeshan, ni dai guntun sahu zan ci gaba da ce masa. Da an matsa wa ƙarfe sai guntun sahun ya kama rabin sahun da ke kusa da shi ya haɗe da shi, wancan kuma ya zama shi ne guntu, haka haka har ya ratsa tsabar ya fita, benen sama ya matsa taku ɗaya na atam. Lanƙwasar da kake yi wa rodi da hannunka biliyoyin irin wannan takun ne suka taru. Shekara 22 ana wannan magana ba wanda ya ga motsinsu, sai a 1956 Peter Hirsch da abokan aikinsa a jami'ar Kambirij ta Ingila suka hango su suna tafiya a cikin fallen alminiyam da madubin ilektiron.

Akwai hujjar da nake so sosai. A shekarun 1950 an yi gwaji da wasu siraran zaren baƙin ƙarfe, sun fi gashi siranta, waɗanda kusan babu guntun sahu a cikinsu, ƙarfinsu ya kai wajen megafaskal 13,000, megafaskal kuwa ma'aunin nauyin da ƙarfe ke iya ɗauka ne gwargwadon kaurinsa. Rodinka mai kyau 460 ne zuwa 500. Ka ga kenan laushin ƙarfe daga aibin nan yake.

Daga ina taurin yake zuwa

Mutum zai zaci in ana ta lanƙwasa, guntayen sahun za su fice su ƙare. Ina, haihuwa suke yi. Charles Frank da Thornton Read sun bayyana yadda abin yake a 1950: in guntun sahu ya maƙale a wuri biyu, matsi sai ya kumbura tsakiyarsa kamar baka, ya zagayo ya haɗe ya saki zobe, shi kuma na asalin yana nan ya sake kumbura ya saki wani, ba iyaka. Ƙarfen da aka gasa ya huce a hankali, in ka warware guntayen sahun da ke cikin ɗan curi mai santimita 1 ta kowane gefe ka haɗa su tsawonsu zai yi daga kilomita 10 zuwa sama, amma wanda ya sha duka a sanyi yana kaiwa kilomita miliyan 1, tazarar da ke tsakaninmu da wata kuwa kilomita 384,000 ce.

To ka san mahaɗar titi da safe in 'yan adaidaita sahu 5 ne kowa wucewarsa yake, amma bari su zama 500 kowa ya cuso kai ta nasa ɓangaren, babu danja babu ɗan sanda, sai kowa ya tsaya cak, ba don titin ya lalace ba sai don su da kansu sun tare wa juna hanya. Abin da ke faruwa kenan a gwiwar rodinka. Guntayen sahu sun yi yawa, sun sarƙe, mai tafiya gabas ya ci karo da mai tafiya arewa, kafin ka sake motsa su sai ka ƙara ƙarfi. Shi ya sa in ka zo miƙarwa gwiwar take ƙi, sai gefenta inda hanya take a buɗe ya lanƙwashe, ka samu ɗan ƙusumbin nan da ba ya taɓa miƙewa sosai. Jan ƙarfe gasasshe yana fara lanƙwasuwa a wajen megafaskal 70, in ya sha ja da duka yana haura 300, ƙarfe ɗaya ne ba a ƙara masa komai ba. Zafin da kake ji a gwiwar waya in kana karya ta ma daga nan ne, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ka kashe zafi yake komawa, ɗan ragowar ne yake zama a ciki a matsayin wannan sarƙewar.

Karyewa kuma, ai in cunkoso ya kai inda ba mai iya motsi, kai kuma ba ka daina matsawa ba, ƙarfen ba shi da sauran hanyar da zai bi ya sauke nauyin sai tsagewa. Tsagar takan fara daga fata, wajen wani ƙarci ko gindin zanen rodi, kowace lanƙwasa ta ƙara buɗe ta. Ka duba bakin wayar da ka karya ta haka, za ka ga gefe biyu sun ɗan yi sumul inda tsagar ta rarrafa, tsakiya kuma garas-garas inda ya ɓalle lokaci guda.

Duk wata dabarar ƙara wa ƙarfe ƙarfi da ka sani, in ka tone ta, tare hanyar guntayen sahun nan ce. Iyakar tsaba shinge ce, don haka ƙarfe mai ƙananan tsaba ya fi mai manya ƙarfi, masana biyu, Hall a 1951 da Petch a 1953, suka fitar da lissafin, kuma ita ce kusan hanya ɗaya tilo da take ƙara ƙarfi ba tare da ta sa ƙarfe saurin karyewa ba. Garwaya wani ƙarfe a ciki ma haka ne, baƙin atam mai girma daban yana karkata sahu, shi ya sa maƙeran fari ba sa son zinariya tsantsa a zobe don lotsewa take yi, mai karat 18 da kashi 75 ne kawai zinariya ta fi ta riƙe fasali. Akwai kuma ta Alfred Wilm a Jamus a 1906, ya gasa alminiyam mai ɗan jan ƙarfe kamar kashi 4 ya tsoma a ruwa ya ajiye, bayan 'yan kwanaki ya tarar ya yi tauri da kansa, ashe atam ɗin jan ƙarfen ne suka tattaru ƙulli-ƙulli a cikin kiristal suka zama duwatsu a kan hanya. Da irin wannan alminiyam ɗin aka yi ta ƙera jiragen sama. Kai mai walda ka riƙe wannan, in ka yi walda a irinsa zafin yana lalata ƙullin da ke gefen ɗinkin, wajen ya yi laushi ko da ɗinkin ya yi kyau.

Jan ƙarfe da sifirin

Wuta ita ce ɗan sandan da ke warware cunkoson. Da zafi ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin zafin narkewar ƙarfen, in an ƙirga daga sifilin Kelbin, wato ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sanyin ƙanƙara, atam sukan samu sukunin motsi, guntayen sahu su cinye juna, sabbin tsaba masu tsafta su tsiro su maye gurbin tsofaffin. Ka ga masu ƙona tsohuwar taya su zare wayar ciki? Wayar nan kafin wuta tana cikin ƙarafa mafi ƙarfi da ake sayarwa, don an ja ta ta ƙananan ramuka sau da yawa, amma bayan wuta yaro ma murɗa ta yake. Dalma kuwa da ke narkewa a digiri 327, zafin ɗaki ma ya ishe ta warwarewa, shi ya sa duk dukan da za ka yi mata ba ta riƙe tauri.

To jan ƙarfe wutar ce ta tausasa shi, ruwan ba ruwansa, ko ka tsoma ko ka bar shi ya huce a iska laushin ɗaya ne, don jeruwar atam ɗinsa iri ɗaya ce tun daga sanyi har ya narke a digiri 1085. Amfanin ruwan kawai sauri, da kakkaɓe baƙin ɓawon da wuta ta yi masa.

Baƙin ƙarfe shi ne mai hali biyu. A sanyi jeruwarsa daban, in ya haura digiri 912 sai ya sake wata jeruwar, in akwai kabon, wato sinadarin gawayi, a ciki ma tun daga 727 canjin yake farawa. Jeruwar zafi tana da wurin da kabon zai zauna a sake, ta sanyi ba ta da shi. In ya huce a hankali kabon yana samun lokacin fita ya tattaru gefe. In ka tsoma shi a ruwa yana ja, jeruwar ta juye cikin ƙiftawar ido kabon bai samu fita ba, ya maƙale ya karkata kowane sahu, ga guntayen sahu birjik an haifa a wajen juyawar kuma duk an ɗaure su. Wannan shi ake kira matensait, tauri kamar me, amma ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan sai dai ya fashe. Sifirin yana da kabon wajen kashi 0.5 zuwa 0.6 cikin 100 shi ya sa yake ɗaukar wannan taurin, kuma shi ya sa maƙeran baƙi suke nemansa don adda da wuƙa da gatari, ƙarfen gate kuwa da bai wuce 0.2 ba ko ka tsoma shi ba wani taurin kirki. Maƙerin da ya san aikinsa ba ya tsayawa nan, yakan goge bakin ya mayar kusa da wuta yana kallon launi, ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara ya tsaya in wuƙa ce, shuɗi in abin da zai sha duka ne, yana sayar da ɗan tauri ya sayi juriya. Wannan ma shi ne dalilin da walda a kan sifirin take tsagewa a gefen ɗinki, sanyin sauran ƙarfen ne yake yi wa wajen abin da ruwa zai yi, sai ka ɗumama shi tukuna kuma ka rufe shi ya huce a hankali.

Maganar miƙar da rodi

A nan zan ɗan ja maka kunne. Shekarun da na yi a ɗakin gwaji, akwai ranar da wani ɗan kwangila ya kawo mana rodi mai milimita 16 daga wani gini, an bar su a lanƙwashe a saman ginshiƙi wata da watanni saboda kuɗi sun yanke, da aka dawo aiki yara suka zura bututu suna miƙarwa sai wasu suka ɓalle, ƙaf, kamar rake. Shi ya rantse rodin jabu ne. Muka ja miƙaƙƙen ɓangaren a inji ya ba da ƙarfin da ake so, ya miƙe sosai kafin ya tsinke, amma gwiwar da ta kwana a lanƙwashe ko motsi ba ta yi ba ta karye, bakin karayar yana ƙyalli kamar gishiri. Biyu ne suka haɗu masa. An lanƙwasa a kan siririn ƙarfe gwiwar ta yi tsini, sannan ga zama. Atam ɗin kabon da naitirojin ƙanana ne, ko a zafin rana suna rarrafawa a hankali su je su zauna a kan guntayen sahun da lanƙwasa ta haifa su ƙulle su, masana biyu, Cottrell da Bilby, suka yi bayanin wannan a 1949. Shi ya sa rodin da ka lanƙwasa yau ka miƙar yau yake haƙuri, na wata 6 kuwa ba ya yi. Gwajin da ake yi wa rodi ma yana kwaikwayon wannan, a lanƙwasa, a ajiye a zafin digiri 100 na awa 1, sannan a mayar baya kaɗan a duba ko ya tsage.

Kada kuma ka ce bari in sa masa wutar gas ya yi laushi. Da yawa daga rodin yanzu irin wanda ake cewa TMT ne, yana fitowa daga injin murza da zafinsa ake fesa masa ruwa, fatar ta zama matensait, zafin cikin ya fito ya ɗan tausasa ta, in ka yanka ka goge ka ɗiga asid za ka ga zobe mai duhu a kewaye da tsakiya mai haske. Ƙarfinsa a zoben nan yake. Ka gasa shi ya yi ja, ka goge zoben kenan, rodi mai milimita 12 da ya kamata ya ɗauki tan 5 da 'yan kai kafin ya fara miƙewa sai ya koma ƙasa da haka sosai a daidai wajen, kuma ido ba zai nuna maka ba.

Abin da nake gaya wa masu aiki shi ne tun farko a lanƙwasa a kan ƙarfe mai kaurin da ya ninka rodin sau 4 in bai wuce milimita 16 ba, sau 7 in ya fi haka. Ɗan karkacewar da rodi ke yi a mota ko ninkin nan mai faɗi da ake yi masa don ya shiga tirela, miƙar da shi a hankali ba ya cika zama matsala, kodayake ni in da hali yanke gwiwar nake sa a yi a yi ringi ko wani ƙaramin abu da ragowar. Amma gwiwa mai tsini, ko wadda ta daɗe, ko rodi mai kauri, ko wanda zai shiga ginshiƙi da bim da dakin, kada a miƙar, a yanke a yi haɗi yadda injiniyan ginin ya tsara.

Daga nan inda nake ba zan iya yanke hukunci a kan rodin da ke gabanka ba, don da yawa daga narkakken tsohon ƙarfe ake yin su kuma yawan kabon yana bambanta daga wannan narki zuwa wancan, sai an gwada. In aikin babba ne ka sa mai ginin ya yanki guda 3 masu tsawon kamar mita 1 ya kai ɗakin gwajin wata jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a ja su a lanƙwasa su, kuɗin bai kai na tan ɗaya na rodi ba. Kafin nan kai ma a shago ka yanki guntu daga kowane sabon kaya, ka lanƙwasa shi a kan ƙarfe mai kaurin da na faɗa har ya yi kusurwa, ka haska bayan gwiwar da tocilan ka bi gindin zanen ɗaya bayan ɗaya, in ka ga ko da siririyar tsaga ce kamar gashi ka ajiye kayan gefe ka kira mai shi.